Binne a Gonar Malam Attahir

Tun ina ƙarama ake gaya mini damina albarka ce, kuma ban musa ba, tunda gero nake ci. Amma shekarun da na yi a lisenmu, babbar sakandaren Tanut, sun nuna mini wani halinta da ba a faɗa. Damina ɓarauniyar ɗalibai ce. Mun shiga sigond, ajin farko, a cike maƙil, gwiwa na gugar gwiwa a kan benci. Da muka kai tarminal, ajin ƙarshe, kowa na iya miƙe ƙafa ya kwanta in ya ga dama. Duk shekara, daidai lokacin da jarrabawa ta ƙarato, sai hadari ya haɗo daga gabas, ruwan shuka ya sauka, washegari ka tarar da benci babu kowa. 'Yan ƙauye sun tafi shuka. Wasu su dawo, wasu shi ke nan.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Hamidu. Yaron da malamin lissafi ke miƙa wa alli in ya gaji. A furamiyer, ajin tsakiya, ruwan shuka ya mayar da shi gona ana saura kaɗan a yi jarrabawa, aka ce sai ya maimaita ajin, shi kuwa ya ce ya gode. Yanzu yana sayar da mai a kwalba a bakin hanyar Agadas. In muka wuce da littattafanmu sai ya duƙa kamar yana gyara takalmi. Ni Sakinatu ba na iya haɗiye abu, kowa ya sani, amma duk ranar da na ga duƙawar nan sai in kau da kai in wuce.

To a shekararmu ta tarminal sai abin ya faɗo kan Nafi'u.

Nafi'u ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ollelewa, yana zaune gidan wani tela a cikin gari. Dogo ne siriri, ba ya magana sai an matsa masa. Amma in aka zauna bita a gindin dogon yaro, shi ne ke warware mana filo, wato falsafa, wannan darasin da ke sa mutum ciwon kai ba tare da ya ɗauki komai ba. Rabin ajinmu a wuyansa muke rataye, ni ce ta farko.

Wata safiya ya shigo aji fuska a murtuke. Na tsare shi lokacin shan iska.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Sa ya take Baba a bakin rijiya, ƙafa ta karye. An yi ɗori."

"Allah ya ba shi lafiya. Sai me?"

"Sai ya aiko. Ya ce duk ranar da ruwan shuka ya sauka, in ajiye bik in taho. Ko ana bak ko ba a yi."

Bik biron rubutu ne, bak kuwa ita ce jarrabawar da muka yi duk shekarun nan muna jira, kuma kowa ya san lokacinta da lokacin ruwan fari kamar tare aka haife su. Wan Nafi'u yana Aljeriya, an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Gida sai innarsa da ƙananan ƙanne. Ranar shuka kuwa ba wanda ke duba gonar wani, don danshin rairayin Damargu ba ya jira, in ka yi sanya ya bushe ya bar ka da iri a hannu.

"Kuma za ka tafi," na ce.

"Ubana ne, Sakinatu."

Raina ya ɓaci. Na shiga aji na buga tebur, na gaya wa kowa. Na ce mun ba damina Hamidu, mun ba ta wance da wane, muna kallo kamar awaki, bana ba za ta samu kowa ba. Aghali, Buzun Belbeji da ke zama a bayan aji da rawaninsa, ya ce to ke za ki hau sama ki toshe hadarin ne? Aka yi dariya. Na ce a'a, binne za mu yi.

'Yan gari suka kalle ni. Sai da na bayyana musu. Mu a Gangara kakana yana yi. Ka shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ka bar shi ya kwanta yana jira. In ruwa mai ƙarfi ya sauka, gonarka ta riga ta kowa tsira, kai kuma kana zaune. In kuwa yayyafi ne ya fara zuwa, ya jiƙa irin bai ƙosar da shi ba, sai ya kumbura ya ruɓe a rami. Ga ɓera, ga tururuwa. Caca ce, amma in gonar ta riga ta shuku, me za a kira Nafi'u ya yi?

"Baba bai taɓa binne ba," in ji Nafi'u. "Irin da ya ware ɗan kaɗan ne. Ba zai ba da ko ƙwaya ba."

"Wa ya roƙe shi? Namu za mu kai."

Kowa ya tafi gida ya yi yadda ya yi. Ni na je na marairaice wa kakana ya ba ni tiya guda daga damin zangarniyar da ya rataye. Aghali ya aika Belbeji wurin wani abokin babansa manomi. Ran Asabar muka hau motar 'yan kasuwa, mu da buhuna da sungumi na aro, wannan doguwar fartanyar saran shuka. Muna cikin tafiya Zuhaira, 'yar ma'aikacin asibiti wadda ba ta taɓa taka kunya ba, ta buɗe jakarta tana alfahari. Ta ce ita nata ya fi na kowa tsabta, don sai da ta sa aka surfa shi aka wanke tas.

Motar duka ta fashe da dariya. Aghali har da riƙe ciki.

"Zuhaira, surfaffen gero ba ya tsira," na ce mata. "Kin kashe shi a turmi."

Ta ce to ai da dusa ba kyan gani. Muka ce ta adana, a dama mana fura da shi, ita ma gudummawa ce. Har yau in muka haɗu muna kiranta Mai Tsabta, kuma tana amsawa.

Mun tarar da Malam Attahir, mahaifin Nafi'u, a ƙarƙashin rumfa, ƙafa a miƙe cikin karan ɗori. Muka durƙusa muka gaishe shi da jiki. Ya amsa, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan takalmin Zuhaira mai igiya. Nafi'u ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo mu.

"Binne," in ji tsohon, kamar ya tauna tsakuwa. "Ni da ubana ba mu taɓa riga Allah ba. Sai ya ba da ruwa mu kai iri."

An ja mini kunne tun a mota cewa in bar Nafi'u ya yi magana, amma bakina ba na aro ba ne.

"Baba, ba riga Allah za mu yi ba. Ajiya za mu ba shi."

Ya juyo ya dube ni. "Ɗiyar wa ce wannan?"

"Sakinatu ce, Baba, daga Gangara."

"Na ga alama." Ya gyara zaman ƙafarsa yana cije leɓe. "Ku ji. Geronku ne, in kun so ku watsa ma ɓera, ban hana ba. Nawa yana nan a tukunya, ba mai taɓa shi. Kuma maganata tana nan. Ran da ruwa ya sauka, Nafi'u ya taho. Ba zan jingina abincin gidana da wasan 'yan lakwal ba."

Kalmar wasa ce ta ƙona mini rai. Na miƙe na ɗauki sungumi ban ce komai ba, wanda a wurina shi ne babban rashin kunya.

Gonar tana da faɗi, rairayi ja har inda ido ya gaji. Maza suka jera da sungumi suna sara, mu muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige. Rana ta buɗe, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Ba a jima ba sai ga amalanke, Inna Balki, mahaifiyar Nafi'u, tana jan jakin, tsohon a kwance a baya. Ya sa aka ajiye shi a gindin aduwa a bakin gona. Ya ce ya zo ne ya ga kada mu shiga gonar maƙwabci.

Don mu manta da zafi sai muka soma abin da muka saba yi a gindin dogon yaro, wato rabon muƙamai. Aghali ya ce shi likitan dabbobi zai zama, raƙumi ko tari ya yi sai ya zo da takarda. Zuhaira ta ce ita jirgin sama za ta tuƙa, ta bi ta kan Tanut ta jefo mana alewa. Wani ya ce firefe zai zama, shugaban gunduma guda, ya fara da ɗaure sufetan da ya sa bak a cikin damina. Ni na ce alƙaliya, kuma shari'ar farko da zan yanke ita ce ta Hamidu da hadari. Muna yi muna ɗaga murya da gangan, don mun san akwai mai saurare a gindin aduwa. Can muka ji ya ce wa matarsa, "Balki, yau gonarmu ta ga manya. Ga gwamnati guda tana shuka a karkace."

Layinmu kam a karkace yake, ba ƙarya.

"Kai fa Nafi'u?" in ji Aghali. "Kullum sai ka yi shiru."

Nafi'u ya ci gaba da sara. Sai da ya kusa kai bakin gona, daidai inda aduwar take, sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Injiniyan ruwa. In haƙa rijiya mai zurfi a garin nan, a daina kwana ana kallon sama."

Ba wanda ya yi dariya. Tsohon kuwa ya kau da kai yana korar ƙuda.

Muka gama da la'asar sakaliya, muka sha furar Mai Tsabta, muka koma Tanut hannu duk kanta.

Bayan 'yan kwanaki abin da muke tsoro ya faru. Gajimare ya taso, iska ta kaɗa, aka yi ɗan yayyafin da ko ƙura bai kwantar ba. Na tsaya a tsakar gida ina harararsa kamar mutum. Nafi'u ya kira gida, aka ce can ma ya taɓa, amma ba a san iya inda ya shiga ba. Daga ranar ya daina cin abinci sosai. Yana mana bita, idonsa na gabas.

Ranar farko ta bak aka hana shiga da waya. Na ce wa Nafi'u ya kawo tasa in haɗa da tawa in ba wata mai sayar da ƙosai ajiya. Ya ba ni. Na kashe ta na tura can ƙasan jakata, kuma ban yi niyyar tunawa da ita ba sai an gama.

Muna tsakiyar rubutun filo ɗakin ya yi duhu. Iska ta bugo taga, takardu suka tashi, masu tsaro suna ta bi suna dannewa. Sai ƙamshin ƙasa ya shigo. Duk wani ɗan ƙauye da ke ɗakin ya ɗaga kai lokaci guda, har waɗanda ba 'yan ajinmu ba. Sannan ruwa ya ɓarke a kan kwano, irin wanda ba ka jin maganar na kusa da kai. Ruwan shuka ne, ba tantama. Na hango Nafi'u a layin gaba ya ɗaga rabin jikinsa daga benci, bik a hannu. Na yi tari mai ƙarfi har mai tsaro ya harare ni. Nafi'u ya koma ya zauna.

Da aka fito hutun rana, ruwa ya tsagaita, gari ya cika da hayaniya, kowa na neman sungumi. A bakin ƙofar makaranta sai ga wani mutum a kan babur, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa. Baffa Lawali ne, ƙanen Malam Attahir.

"Ina wayarka? Tun ɗazu ake kira. Hau mu tahi, ni ma tawa gonar na jirana."

Mu duka muka matso muka tsaya bayan Nafi'u. Ba mu shirya ba, haka kawai ƙafafunmu suka kai mu.

"Baffa, gonar a shuke take."

"Shukar da yayyahi ya taɓa? Wa ya san abin da ke cikin ramin? In aka jira a gani, danshi ya wuce. In bai tsira ba, me za ku ci, takarda?"

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Na buɗe baki, Aghali ya taka mini ƙafa. Wannan karon ba maganata ba ce.

Nafi'u ya tsaya. Ya dubi babur ɗin, ya dubi ƙofar ɗakin jarrabawa. Can nesa a bakin titi, ina iya hango rumfar Hamidu da kwalabensa, ban sani ba ko shi ma ya hango.

"Ka ce ma Baba ya gafarce ni. Ban taɓa ƙin maganarsa ba. Wannan na ƙi. In an gama zan zo, ya yi mini duk abin da ya ga dama."

"Haka zan hwaɗa mishi?"

"Haka."

Baffa Lawali ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tofar da yawu, ya tayar da babur. Nafi'u ya juya ya shiga, bai ci komai ba. Na ga yana share ido da bayan hannu kafin a raba takardar yamma. Na ji tausayinsa, na kuma ji tsoro, don sai a lokacin na gane cewa in irin nan ya ruɓe, mu za mu koma gidajenmu mu ci tuwo, su ne za su kwana da yunwa shekara guda.

Sauran kwanakin jarrabawar ba wanda ya sake zuwa. Na mayar wa Nafi'u da wayarsa, ba kira ko ɗaya. Shirun ya fi zagi ciwo.

Ranar da muka ajiye bik, 'yan sauran azuzuwa suka tafi yawo da kiɗa. Mu muka hau motar Ollelewa. Ba mai rabon muƙami a hanya, ko Aghali bai yi tsokana ba. Muka sauka muka bi ta bayan gari kai tsaye zuwa gona.

Daga nesa muka fara ganin kore. Siraran tsiro, layi-layi, a karkace kamar yadda muka sara su. Zuhaira ta riƙe hannuna ta matse. Amma da muka matso sai muka ga ba duka ba ne. Gefen tudu ya tsira lafiya lau. Gefen kwari, inda yayyafin ya taru, giɓi ne ko'ina, wani layin ma babu ko ɗaya.

A cikin giɓin nan muka hango mutum biyu. Inna Balki tana gaba da sungumi, tana sara da ƙyar. A bayanta Malam Attahir ne zaune a ƙasa, ƙafar ɗorin a miƙe, yana jan jiki da hannuwa daga rami zuwa rami. Ƙwarya na kan cinyarsa. Ya zuba iri, ya rufe da tafin hannu, ya ja jiki gaba. Sawun da ya bari a rairayi ya yi tsawo, ya tafi ya dawo ya sake tafiya. Tsumman ɗorin ya kwance, yana jansa a baya, ya yi ja da ƙasa. Irin tukunyar nan ne, wanda ya ce ba mai taɓawa.

Nafi'u ya tafi a hankali ya durƙusa a gabansa. Mu muka tsaya baya-baya.

Tsohon bai ɗaga kai ba sai da ya rufe ramin da ke gabansa.

"An gama rubutun?"

"An gama, Baba."

"Duka? Ba ka bar ko ɗaya ba?"

"Ban bari ba."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi gefen da ya tsira, ya daɗe yana kallo, sannan ya dubo mu.

"Kai likitan raƙuma, zo ka ɗaure mini tsumman nan, ai ƙafa ƙafa ce. Ke alƙaliya, amshi sungumin nan hannun uwarku, tun jiya take sara."

Muka ruga. Aghali ya durƙusa yana naɗe ɗorin, na karɓi sungumi, sauran suka bazu cikin layuka. Nafi'u kaɗai ya rage a durƙushe, kansa a ƙasa, yana jiran hukuncinsa.

Malam Attahir ya ɗauki ƙwaryar irin daga cinyarsa ya miƙa masa da hannu biyu.

"Injiniya, tashi. Kafin ka kawo mana naka ruwan, wannan na bushewa."